Hular Digirin Tae-seop

Bang Mal-sun ba ta gama sakandare ba. Da iyayensu suka rasu, ta gaji teburin kifin uwarsu a kasuwar Busan, ta kuma gaji ƙaninta Tae-seop. Da guminta ya shiga jami'a a Seoul, yana karanta falsafa da siyasa da tattalin arziki a haɗe.

"Mutum ɗaya, tukunya uku a wuta," in ji maƙwabciyarta Ok-bun mai kaguwa. "Wata dai sai ta ƙone."

In Tae-seop ya zo hutu, Mal-sun tana gyaran kifi yana yi mata bayanin adalci, tana gyaɗa kai ko ba ta gane ba. Rana ɗaya take jira. A bikin kammala karatu, ɗalibi kan cire hular digirinsa ya sa wa wanda ya sha wahalarsa, a yi musu hoto.

Ranar, har gyaran gashi ta yi. Tae-seop ya cire hular, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ya wuce ta, ya ɗora wa wani ɗan majalisa da ya yi masa alkawarin aiki. Sannan ya miƙo mata wayarsa.

"Yaya, ɗan ɗauke mu mana."

Ta ɗauke su. Hoton ma ya yi kyau.

Da ta koma kasuwa, Ok-bun ta ce, "To, yayar masani, cikin fannoni ukun wanne ya fi iyawa?"

Mal-sun ta datse kan kifi da sara ɗaya.

"Siyasa."