Injin da Ba Ya Rufa Asiri

Shekarar da na gama ginin gidana a Jibiya, ba abin da nake alfahari da shi kamar shawa. Na ɗora tanki a sama, na sayo ƙaramin inji mai tura ruwa da ƙarfi. Ka buɗe famfo ya tashi da kansa, ka rufe ya yi shiru. Duk baƙon da ya zo sai na ja shi banɗaki ya gani, har matata ta ce saura in yi wa injin bikin suna.

A shekarar ne Baba ya dawo wurina daga ƙauyenmu Kusa, bayan rasuwar Inna. Tsohon direban babbar mota ne, ya ci hanyar Maraɗi har ya ƙoshi, kuma ban taɓa ganin mai tsafta irinsa ba. Yakan sauko daga mota da farar riga kamar ba shi ya tuƙo ta ba. Na ba shi ɗakin baya mai banɗakinsa.

Bayan 'yan watanni sai inji ya fara tashi shi kaɗai. Da hantsi, bayan azahar, da la'asar, ya yi gurnani na ɗan lokaci ya mutu, can ya sake tashi. Ni kuwa haƙuri bai dame ni ba. Da na ji sai in leƙo tsakar gida in daka tsawa, "Wa ke ɓarnar ruwa a gidan nan?" Kowa ya nuna mini hannunsa a bushe.

Na bi famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya, ban ga ɗigo ba. Na kwance kan shawa na wanke, na duba tankin masai, na canza ɗan akwatin da ke kunna injin. Duk a banza. Banɗakin Baba ne kawai ban shiga ba, don ɗa ba ya faɗa wa mahaifinsa makewayi haka kawai. A kwanakin nan Baba ya rage zuwa masallaci, na ɗauka ciwon gwiwa ne.

Da na gaji na kira wani mai gyaran famfo, dattijo ɗan Maraɗi da ya daɗe a garinmu. Ya rufe ruwan gidan gaba ɗaya daga bakin inji, ya zauna yana jira. Inji ya yi tsit. Baba na zaune a tabarma kusa da mu.

"Alhaji, injin ga lahiya tai lau," in ji mai gyara. "Shi ba ya ƙarya. In ya tashi, ko wani ya buɗe pompo, ko akwai yoyo cikin gida."

Na ce, da bakin nan nawa, "To a nemo mai yoyon. In tsufa ya yi, a cire shi a jefar, mu huta."

Baba ya miƙe a hankali ya nufi ɗakinsa. Mai gyara ya sake ruwan. Ba a jima ba inji ya tashi, alhali duk mutanen gida suna gabana in ban da mutum ɗaya. Dattijon ya bi bututu ta bayan ɗakin, ya dawo ya ja ni gefe, ya nuna mini da haɓa. A lungun da ba mai shiga, Baba ya ɗaura igiya, wanduna huɗu a shanye, ɗaya na ɗiga.

Fitsari ne yake kufce masa. Yana wanke jikinsa da tufafinsa a ɓoye, sau nawa a yini Allah kaɗai ya sani, kuma duk lokacin da ya buɗe ruwa injina ya yi shela, ni kuma in bi da tsawa. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari da safe na je gaishe shi na tarar ya ɗaure kayansa.

"Kusa za ni koma," ya ce. "Can rijiya ba ta da baki."

Na durƙusa na ce ya ba ni yini ɗaya. Mai gyara ya zo ya ja sabon bututu daga tanki kai tsaye zuwa banɗakin Baba, ba ta cikin inji ba. Ruwan ba shi da ƙarfi, amma yana zuwa shiru. Na ce wa mutanen gida nauyi ne ya yi wa inji yawa, aka rage masa. Asibiti kuwa sai daga baya na samu hanyar kai shi, da sunan gwiwa.

Da yammar ranar da aka ja bututun na same shi a tabarma, kayan a kwance, ya sa farar riga. Ya daɗe yana sauraren gidan.

"Injin ya warke?"

"Ya warke, Baba."

Bai dube ni ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Allah shi kai ka tsufa, shi ba ka mai rufa ma asiri."