Kawu Idi ya tafi, Ladi ba ta isa Sakkwato ba

Da safiyar nan ina tsaka da haɗa wa yara shayi ƙanena Bashir ya kira ni daga garin Suki. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, Kawu Idi ya rasu."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na sauke butar na zauna a ƙasa. Wallahi na gaji. Tun da yaƙi ya watsa mu muka dawo Gadarif da zama, waya ba ta ƙara sai gabana ya faɗi. Yau kuma ga wanda aka ɗauke.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Kawu Idi ba ɗan'uwan Innata ba ne na jini. Maƙwabcinmu ne, manomi, yana da hawasharsa, wato 'yar gonarsa ta ban ruwa, a bakin tur'a, babbar magudanar ruwan noma. Amma duk yaron da ya tashi a ƙauyenmu na bakin Nilu kawu yake ce masa, don shi ne mai talabijin. Baƙi da fari ce, da batirin mota take aiki, shi kuma batirin a kan jaki ake kai shi Suki caji.

Bayan la'asar ake sa katun ɗinmu. Labarin wata yarinya ne da ɗan kwalekwalenta da wata shamuwa mai ɗingishi, suna bin kogi suna neman garin kakanninta. Da Larabcin littafi suke magana, mu kuwa Hausa muke yi a gida, Larabcin kasuwa ma da ƙyar. Sai Kawu ya rage murya, ya jawo kujera gefen talabijin, ya zama shi ne bakin kowa. Ya sa wa yarinyar suna Ladi. Shamuwar kuma Alhaji, wai saboda yawan tafiyarta.

Garin da suke nema kuwa, Kawu ya ce mana Sakkwato ne.

Ai kuwa sai tsofaffi suka fara zuwa da tabarminsu. Habbobata, wato kakata, wadda mahaifinta da ƙafa ya iso ƙasar nan daga ƙasar Hausa, takan matsa har gaban gilashin ta ce, "Allah shi kai ki, ɗiyata." Idan guguwa ta taso wa kwalekwalen, salati za ka ji ya cika rumfa kamar da gaske.

Bai taɓa korar yaro ba. Gajeru gaba, dogaye baya. Wanda aka aika a tsakiyar kallo, in ya dawo Kawu zai maimaita masa abin da ya wuce, har da kukan Alhaji. Ni da nake da kunya, shi yake keɓe mini wuri kusa da batir.

Sai dai ban ga ƙarshen labarin ba. Lokacin tsinkar auduga ya zo, Inna ta tafi da ni aiki wata gona mai nisa, muka daɗe a can. Kafin mu dawo an gama. Na tambayi yara, kowa da nasa. Wannan ya ce sun isa, wancan ya ce kwalekwalen ya nutse. Na je wurin Kawu da hawayena, ya ce, "Yi haƙuri, Zainabu, za su maimaita." Ba su maimaita ba.

Na girma, na yi aure, na haihu, abin nan bai bar ni ba: shin Ladi ta isa?

Shi ya sa da na ji an mai da shi fim na mutane, kamar in yi tsalle. Na sa aka tura mini shi a kwamfuta. Da hanya ta ɗan lafa muka leƙa gida gaisuwa, na ɗauke ta na nufi gidan Kawu da ɗiyata Nusaiba. Ita Nusaiba Larabci ne ya cika mata baki. In na yi mata Hausa ta ji, amma ta mayar mini da Larabci, abin yana ci mini rai.

Muka zauna a rumfar nan tasa da hantsi. Ya tsufa, ido ya yi rauni, amma sai da ya jawo kujerarsa gefen kwamfutar ya gyara murya kamar da.

Kai, jama'a. Ban san me muka yi wa mutanen nan ba.

Ladi 'yar ƙarama mai tsoron tsawa, sun mai da ita ƙatuwar budurwa da takobi. Alhaji ba ya ɗingishi, ya zama wani tsuntsun kwamfuta mai sheƙi, sai surutu da barkwancin da ba ya ba kowa dariya. Kogin da muka yi watanni muna bi a hankali, a fim tsallake shi suka yi. Sai gudu, sai faɗa, sai abu ya fashe. Mu da muka baro ƙarar fashewa a gaske, ita aka kawo mana a matsayin nishaɗi.

Kawu ya fara fassara, ya ɗan yi nisa. Can ya ce, "Zainabu, mi zan faɗi? Babu magana a ciki. Waɗanga mutane ba su san yarinyar ba."

A ƙarshe sun isa wani gidan sarauta na zinariya, ba kowa a ciki, aka buga kiɗa, shi ke nan. Ban ji komai ba. Kamar an ba ni tuwo babu miya.

Sai Nusaiba, da take karanta rubutun Larabcin da ke ƙasa, ta juyo ta ce ita fa ba ta ga an ambaci Sakkwato ba ko sau ɗaya. Na ce ai kin gani, har sunan garin sun cire, marasa mutunci.

Kawu ya kama dariya har da tari. Ya ce, "Ba su cire komi ba. Can ma babu shi."

Na tsaya ina kallonsa.

Ya ce, "Ni ma Larabcin nan nasu rabi nike ji. Na dai ji suna ta cewa gida, gida. To ni wane gida na sani da aka baro ake nema?"

Mutumin da aka haifa a bakin Nilu, bai taɓa taka Sakkwato ba ko a mafarki.

Daga baya na nemo tsohon katun ɗin a intanet. Na kunna kashi na farko na kashe. Hotunan suna nan, amma baƙi ne, ba su san sunana ba. Ashe abin da nake nema ba ya cikin talabijin tun farko.

Ranar da za mu taho ya riƙe hannun Nusaiba ya ce zai ba ta labarin tun daga farko har ƙarshe, na gaskiya, irin nasa. Sharaɗi ɗaya: duk tambayar da za ta yi, da Hausa. Bashir yake riƙe masa waya yana ɗaukar muryarsa, in netwok ta samu ya turo. Wani lokaci a jere, wani lokaci mu yi ta jira shiru.

Yarinyar nan ta fara tambaya. Da gurguwar Hausa, ana dariya, amma tana yi. Me ya karya wa Alhaji ƙafa? Ladi tana da uwa? Ni kuma ina gefe ina wanke-wanke, kunnena duk yana can, kamar 'yar shekara bakwai.

Saƙonsa na ƙarshe, Ladi ta hango hayaƙin wani gari daga nesa, Alhaji ya tashi sama ya dubo mata. Daga nan Kawu ya ce, "Sauran sai na huta, ɗiyata."

Ya huta.

Ɗazu Nusaiba ta same ni a ƙasa, shayi ya huce. Na faɗa mata. Sai ta ce, da Hausa tsaf, ba kalmar Larabci ko ɗaya, "Mama, to sun isa?"

Ni ma abin da nake tambaya ke nan tun ina kamarta.

Don haka ina roƙonku, ku da kuka zauna a rumfar Kawu muna yara, ranar da ya ƙarasa labarin ba na nan, duk inda yaƙin nan ya jefa ku. Ba na son ƙarshen fim, ba na son na intanet. Wanda ya tuna yadda shi ya faɗa, ya ɗauki muryarsa ya turo mini, da Hausa. Akwai yarinya a nan tana jira.

Allah ka ji ƙan Kawu Idi, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Ya Allah, bawanka ya yi rayuwarsa yana nema wa wata yarinya hanyar gida. Shi ka isar da shi.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.