Gwaggo Inde da Ƙwaryar da Ba Kome Ciki

Gwaggo Inde yayar mahaifina ce. Tun kafin a haife ni take tallar fura. Kullum da hantsi za ta naɗa gammo, ta aza ƙwarya, ta taka daga ƙauyenmu zuwa Madarunfa, tafiyar da ta fi awa guda. In ta sayar, ba ta juyowa gida sai ta bi ta bakin tafki, inda mata ke suyar kifi. Nan za ta miƙe ƙafa ta ci karfasa biyu da yaji, ta tsotse ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina yakan ce ko a ƙoshe kake, in ka zauna kusa da yayarsa tana ci sai ka ji yunwa.

A shekarar 1971 ɗanta Lawali ya samu buɗi a fataucin da yake yi tsakanin Jibiya da Maraɗi. Ya gina gida a Madarunfa, ya ɗauko ta, ya ce talla ta ƙare, kada mutane su ce ya kasa riƙe uwarsa. Gwaggo ba ta musa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, "yaron nan" take ce masa, balle ta tsaya gardama da shi.

Shekara biyu tana zaune a tabarma, kifi na iske ta har ɗaki. Jiki ya yi nauyi, gwiwoyi suka riƙe, har salla ta koma yi a zaune. Da aka kai ta gidan likita, anfirme, wato malamin jinya, ya ce abu biyu: a rage mai, kuma ta riƙa tafiya. Lawali ya kama na farko da ƙarfi. Ya hana sayo kifi, ya sa matarsa Balaraba ta riƙa yi mata miya ba ko ɗigon man gyaɗa. Na biyun kuwa Gwaggo ta gwada sau ɗaya. Kafin ta kai bakin kasuwa mutum fiye da goma sun tare ta suna tambayar ko lafiya, ina za ta hannu sake. Da la'asar har an fara cewa ta yi faɗa da surukarta. A wurinmu dattijuwa ba ta fita sai da dalili. Ba ta sake fita ba.

Lokacin ina kwaleji a Maraɗi. Da na zo hutu na shiga gaishe ta ba ta ji sallamata ba. Na iske ta ta juya wa ƙofa baya, tana tura wani guntun kifi a baki da sauri, ko taunawa ba ta yi sosai. Wata maƙwabciya ce ke kawo mata a ɓoye.

"Kada ki gaya wa yaron nan," ta ce. "Ga ni ba na tsinana kome, sai kwaɗayi."

Ban gaya masa ba. Amma na daɗe ina tunanin yadda matar da ke cin kifi a gaban duk mai wucewa ta koma jin kunyar bakinta.

Dabarar ba tawa ba ce, ita ta samo abinta. Wata safiya ta ɗauko tsohuwar ƙwaryarta, ta rufe da faifai, ta aza a ka ta fita. Ba wanda ya tambaye ta ina za ta, sai sannu da aiki. Ranar farko a gindin wata tsamiya ta tsaya, tana haki. Bayan mako uku ta kai bakin tafki.

Labari ya kai wa Lawali cewa uwarsa ta koma talla. Ya tare ta a hanya, ransa a ɓace, ya durƙusa ya tambayi abin da ya rage ta da shi. Gwaggo ta sauke ƙwaryar, ta ɗaga faifan. Ba kome a ciki.

"Ƙafafuna nake kaiwa yawo," ta ce, tana kallon gefe kamar yadda ta saba in tana magana da shi. "Wannan ta rufe bakin mutane ce."

"To Inna, kifin fa? Likita ya hana."

"Ragewa ya ce. Guda ɗaya nake ci, a zaune, a gaban kowa. Na gaji da cin abinci kamar ɓarauniya."

Lawali ya miƙe, ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ya aza mata.

Gwiwoyin ba su warke duka ba, amma sallar layya ta shekarar a tsaye ta yi ta. Na taɓa tambayarta ko tafiyar ce ke sa ta ga ta cancanci kifin. Ta yi dariya, ta ce wannan tunanin ƴan lakwal ne, wato mu ƴan boko. Tafiya na mata daɗi, kifi na mata daɗi, kuma ranar da aka wuni ana ruwa ba ta fita ba, aikawa take a sayo mata, ta ci a tsakar gida har ta miƙa wa Balaraba kan.

Ƙwaryar tana wurina yanzu. Ta tsage a baki, an ɗinke ta da zare.