Littafin da Yaya Kuang Ta Aika wa Mamaci

A taron tsangayarmu na bana, kan dangantakar Sin da maƙwabtanta, na hau mumbari na gyara wuyan riga, na karanta takarda har shafi shida kafin na gane ta bara ce. Ba wanda ya lura. Da na gama aka tafa, wani baƙo daga Beijing har da cewa ya ƙaru. Ni kuwa gumi ya jiƙa ni har ƙugu. Ana tashi na gangara ɗakin ƙasa neman wanda zan ɗora wa laifi, domin Kuang Suzhen ce ke buga mana takardu. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce da hannuna na ɗauka, kuma ita da ta buga duka biyun ba ta ga inda suka bambanta ba sai kwanan wata.

Haka Yaya Kuang take. Tana da shekara goma sha bakwai ta baro ƙauyensu a Hunan, ta shiga masana'antar takalma a Dongguan. Shekara goma sha biyu ta yi a kan keken ɗinki, ya cinye mata kan yatsa ɗaya. A shekarar da ma'aikatan wurin suka ajiye aiki, marigayi Farfesa Rao na sashenmu ya je da rikoda yana hira da su. Yaren rabinsu ba ya ji, yana ta rubuta shirme. Ta leƙa takardarsa ta ce, matar nan cewa ta yi an kulle su, kai ka rubuta an ba su hutu. Ranar ya ɗauke ta aiki.

Tun daga nan take ɗakin ƙasa a nan Guangzhou, da tulun shayinta da kwalbar barkonon da ko shugaban jami'a ba zai iya lasa ba. Tana sauraron hira tana bugawa. Digirin yara nawa ya fito daga yatsunta tara da rabi, ban san iyaka ba.

Ƙa'idar Rao ita ce ba a buga sunan kowa. Wanda aka yi hira da shi lamba ake ba shi. Lamba da suna kuwa a wuri ɗaya suke haɗuwa, wani ƙaramin littafi mai jan bango, kuma ita ke riƙe da shi. Mutum sittin da uku ne a ciki. Wasu har yau suna masana'anta, wasu su ne suka tsara yajin aikin.

Rao ya rasu da sanyin da ya wuce. Ba a jima ba takarda ta sauko daga sama, wai duk kayan bincike a miƙa su rumbun jami'a, har da sunaye. Yaya Kuang ta loda kwali goma sha ɗaya na rubutu ta aika. Littafi dai shiru. Shugaban sashe, Malam Teng, ya kira ta sau biyu, ya tuna mata saura shekara biyu ta yi ritaya, kuma ɗakin da take kwana na jami'a ne. Ta ce ta ji. Sai ya turo ni, wai ni kaɗai nake sa ta dariya. Ƙarya ce, dariyar da take min daban ce.

Na same ta tana cin shinkafa a gwangwani. Na fara da zolaya, na ce in ta ba ni littafin zan aure ta. Ta ce matata ta sha wahala ta isa, kada a ƙara ta biyu. Daga nan ta ajiye tsinken cin abinci.

"Malam Pang, littafin ba ya nan. Ranar sharar kaburbura na je kabarin Rao. Na share masa, na ƙona masa kuɗin takarda da 'yar riga yadda muke aika wa mamatanmu kaya, na haɗa da littafin. Nasa ne, na aika masa. Mai so ya je can ya karɓa."

Wallahi sanyi na ji a raina, don na ga mafita. Na ce shi ke nan, sai mu rubuta cewa damshin bazara ya cinye shi. Wa bai san ɗakin ƙasa ba? Bango ma gumi yake yi. Teng zai sa hannu da murna, na sama su rufe fayil, ita ta ci ritayarta. Amma in ta ce da gangan ta ƙona, kora ce, kuma za su tuna cewa wadda ta buga hira sittin da uku ba ta mance masu muryar ba. Za su zaunar da ita su tambaya.

Ta ce su tambaya. Ta ce in ta laƙa wa damshi, gobe yaran da ke fita hira za su koyi cewa alkawarin da aka yi wa ma'aikaci sai an yi sa'ar ruɓewar takarda yake cika. Ita ta zauna a gaban mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, a ɗakunan kwanansu, ta ce musu ba mai jin sunansu. Ba damshi ne ya faɗa musu ba.

Na ce, "Yaya, layi ɗaya ne fa. Ni zan rubuta, ke ko alƙalami ba za ki taɓa ba. Kowa a ginin nan da irin wannan layin yake rayuwa."

Ta rufe gwangwaninta, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Shekara ashirin kana koya wa 'ya'yan mutane yadda ƙaramar ƙasa ke ce wa babba a'a. Ka taɓa ji da kunnenka? To yau ka ji. Hau sama ka ce ta ƙona, ta san sunayen, ta hana. Kuma ka faɗe shi yadda na faɗa, kada ka sa masa barkwanci."