Kwanon Uwar-dubu

Uwar-dubu ba ta taɓa haihuwa ba. Sunan daga sana'a ta samo shi: 'ya'yan tarwada take ƙyanƙyasarwa a rumfar bayan gidanta, masu kiwon kifi su zo su saya. Mace ce mai faɗa, amma a kan kwanonta na tatsar ƙwai kaɗai. Ba mai taɓa shi.

Ciwo ya shiga tankunanta bana, ya bar mata mace ɗaya mai ciki da namiji ɗaya tak, tsohon da marigayi mijinta ya yi renonsa. Ga shi namijin tarwada ba ya ba da farin ruwansa na haɗa ƙwai sai an farke cikinsa. In aka yi kuskure, shi ke nan, iri ya ƙare.

Da sassafe ta yi wa macen allura don ƙwan ya nuna. Da la'asar ta danna cikin a hankali, ƙwai ya ziraro ba gardama. Ya nuna. Ta ɗauki wuƙa, ta daɗe tana kallon tsohon, sannan ta yanka.

Ta jawo kwano ba ta duba ba, ta hau matse macen. Sai da ƙwai ya rufe gindin kwanon ta ga yana dunƙulewa.

"Wa ya taɓa min kwano?"

Ƙanwarta, wadda ta zo kwana biyu, ta leƙo. "Ni ce, Yaya. Ƙura na gani, na ɗauraye miki."

"Kin kashe ni! Ƙwai in ya sha ruwa kafin namiji, bakinsa rufewa yake!"

Ba lokacin kuka. Ta fizge ɗankwalin ƙanwar, ta goge farantin abinci ƙaƙas, ta tatse ɗan abin da ya rage a cikin macen. Ko cokali bai cika ba. Ta zuba farin ruwan, ta juya da gashin kaza, sannan ta sa ruwa, ta baza a raga.

Washegari ba wanda ya karya. Ƙwan kwano duk ya yi fari, ya mutu. Ƙanwar ta ɗaure kayanta, ta tsaya a bakin rumfa ido jawur.

Uwar-dubu na durƙushe kan ragar, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ke, zo nan. Idona ya tsufa. Wutsiya ce waccan take motsi?"

Ƙanwar ta sunkuya, ta daɗe. "Suna motsi, Yaya."

"To ajiye kayan. Jikokin mijina ne, sai ki taya ni reno."