Ranar da Agogon Virgil Ya Tsaya

Da asubar kowace ranar wasa, Virgil Stanek yana kan tsani a bayan allon maki da agogo na filin ƙwallo, da tocila a baki, yana duba ƙwayayen lantarki ɗaya bayan ɗaya. Garejin motar 'yan wasa na jikin filin, ni ne direbanta, don haka nakan tarar da shi can sama. Ba ma gaisawa da baki. Ya ɗaga tocila, in danna oda, kowa ya kama aikinsa.

A kamfanin gilashi na bakin kogi ya yi ƙuruciyarsa har aka rufe shi. Daga nan ya koma shara da goge-goge a kwalejin garinmu. Matarsa Loretta ta rasu, 'yarsa ta yi aure ta tafi Arizona, ya rage shi kaɗai a gida da tsohuwar akori-kura. Agogon wasan ƙwallon maza kuwa tun yana da baƙin gashi aka ba shi riƙo, ya bar shara bai bar agogo ba. Ladansa kofi mai zafi da kujera kusa da hita.

Aikin ba wuya a ido. Agogon ƙwallon kwaleji baya-baya yake tafiya zuwa sifili, kowa na kallonsa a allo. Da ya kai, ƙaho zai yi kuka da kansa, wasa ya ƙare, ko da ƙwallo tana iska ta nufi raga. In alƙalin wasa ya gitta hannayensa bisa kai, mai agogo ya tsayar. In an taɓa ƙwallo, ya saki. Maɓalli ɗaya ne, babban yatsa ɗaya. Virgil ba ya tafi, ba ya ihu, ba ya zagin alƙali. Ni da nake zama kusa da shi don in sami ɗumin hita, na sha ganin an ci mu da rashin gaskiya, fuskarsa ko motsi.

Shekarar nan ba a da zance sai na canjin dokoki. Manya na taro a otal-otal, wai za a shimfiɗa kakar wasa har bazara, a daina cusa wa yara wasa uku a mako cikin kaka. Wai za a rage canjin 'yan wasa ana cikin wasa, don yanzu koci na iya juye rabin tawaga kamar mai sauya zanen gado. Wai kuma za a karɓe agogo daga teburin bakin fili a ba alƙali ya riƙe a hannunsa, yadda sauran duniya ke yi. Ni dai na daina saurare. Tun ina sabon direba ake wannan taron, kuma har yau ni ke kwaso yara daga wata jiha da ƙanƙara ɗaure a gwiwoyinsu, suna karatun jarrabawa da fitilar waya.

A gidan abincin Marlene, inda muke karyawa, an mai da Virgil abin tsokana.

"Tsoho, an kusa yi maka ritaya ta biyu," in ji Dutch mai gyaran famfo. "Me za ka yi da yatsan nan? Ka ba ni aro in toshe bututu."

"Ka fara toshe bakinka, shi ya fi yoyo," in ji Virgil, bai ɗago daga ƙwansa ba. "Su shimfiɗa kakar, yaran su huta, ban ƙi ba. Amma agogo a bar shi inda kowa ke gani."

Wasan ƙarshe na kaka muka karɓi kwalejin ƙetaren kogi. Gurbi ɗaya ya rage a gasar yanki. Su kunnen doki ya ishe su, mu sai mun ci. Wanda ya faɗi, 'yan ajin ƙarshensa sun gama ƙwallo ke nan har abada, domin irin yaranmu ba wanda zai saye su. Sai su rataye takalmi su nemi aikin ofis.

Akwai wani ɗan ajin ƙarshe a wajenmu, Dominic Ferrante. An yi masa aiki a gwiwa tun yana aji biyu, ya fi zama a benci da shiga fili, bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba. Kakansa abokin aikin Virgil ne a kamfanin gilashi, a bakin tanderu ɗaya. Ana ɗaya da ɗaya, lokaci ya kusa, Koci Brannigan ya tura shi ciki domin dogo ne, ko Allah zai sa ya sa kai.

Saura 'yan daƙiƙun da ba su kai yatsun hannu ba aka kayar da ɗan wasanmu. Alƙali ya ɗaga katin gargaɗi, ya gitta hannu. Virgil ya tsayar. Aka buga ƙwallo zuwa gaban ragarsu, golansu ya naushe ta, ta dawo, ta bugi ƙarfen raga, ta faɗa tsakiyar ƙafafu, aka yi ta turmutsitsi a cikin laka. Sai na ji kujerar Virgil ta faɗi. Mutumin da bai taɓa buɗe baki a teburin nan ba yana tsaye, hannu biyu a sama, yana ihu, "Dom! Dom, ga ta nan!" Dom ya zura ƙafar nan mai ɗinki, ƙwallo ta shige.

Na juya na dubi allo. Lambar da ke kai lokacin da aka ɗaga kati, ita ce dai a kai.

"Virgil," na ce, na dafe masa gwiwar hannu. "Agogo."

Ya dubi allo, ya dubi akwatin maɓalli a kan tebur, can nesa da hannunsa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Turmutsitsin ya ninka abin da ya rage a agogo. Da ya saki, da ƙaho ya yi kuka tun ƙwallo na jikin ƙarfe.

Aka mayar da ƙwallo tsakiya, aka taɓa, ya danna, ƙaho ya busa. Ɗalibai suka tsallake shinge suka cika fili.

Virgil bai tsaya naɗe wayoyin agogo ba. Ya kutsa cikin taron har ya kamo alƙali a bakin ɗakin canza kaya, ni ina biye. Ya cire hula ya faɗa masa komai.

Alƙalin ya goge fuska da tawul. "Malam, ni ban gani ba, mataimakana ba su gani ba, na busa na rufe. Me kake so in yi yanzu, in ciro ƙwallon daga raga?"

Virgil ya nufi Koci Brannigan. Koci na jiƙe sharkaf da ruwan da yara suka juye masa, yana dariya. Ya saurara, dariyar ta ragu, ya ja Virgil gefe.

"Virgil, don Allah ka je gida ka huta. Sau nawa aka cuce mu a filin wasu? Kana so ka je ka gaya wa Dom ƙwallonsa ba ta ci ba? Ga kakarsa can a keken guragu tana kuka."

Virgil ya mai da hularsa. Ya juya ya tafi.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ƙona ni. Wani ya ɗauki wasan a waya, allon ya fito a ciki, kafin Litinin duk garin ya sani. Na ɗauka za a zage shi. Ina! Muna shiga wajen Marlene aka miƙe ana tafi. Dutch ya kama hannunsa ya ɗaga sama.

"Ga yatsan zinariya! Shekara da shekaru kana mana wa'azi, ashe jira kake ranar da za ta yi amfani. Tsohon ɓarawo!"

"Ba da gangan na yi ba, Dutch."

"To wa ya ce da gangan ne?" Dutch ya kashe ido, wurin ya fashe da dariya.

Marlene ta ajiye masa yankan kek ɗin tuffa, ta ce yau ba ya biya. Da yamma yaran suka kawo masa rigar tawaga har gida, kowa ya sa hannu a jiki. Mutanen da na sani tun muna yara, masu zuwa coci, masu dukan 'ya'yansu in sun yi ƙarya, duk sun yarda ya yi sata, kuma sun ji daɗi. Na ji kunyar zama ɗan garin nan. Shi kuwa kek ɗin ya bushe a faranti.

Ranar Laraba Virgil ya zo gareji ya ce in raka shi ƙetaren kogi, idonsa ba ya son tuƙin babbar hanya. Ban tambaye shi dalili ba. Muka tafi a akori-kurarsa, rediyo a kashe.

Golan nasu sunansa Caleb Ostrander, ɗan ajin ƙarshe. Aka nuna mana shi a ɗakin cin abincin ɗalibai, yana aikin kwashe faranti, da atamfar roba ɗaure a ƙugu. Virgil ya tsaya gabansa riƙe da hula a ƙirji.

"Ɗana, ni ne mai agogon ranar Asabar. Ƙwallon da aka ci ka, lokaci ya riga ya ƙare. Ni ne ban saki agogo ba."

Yaron ya ajiye tiren da ke hannunsa. "Na sani, yallaɓai. Allonku yana fuskantar ragata. Ina kwance a laka ina kallonsa a tsaye. Na yi ta ihu, ba wanda ya ji."

"Ba da niyya ba ne. Na shagala ne da kallo."

"To." "Babana ya tuƙo daga Michigan don wasan gaba, ya riga ya ɗauki hutu a wurin aiki. Me kake so in ce maka, yallaɓai? In ce ba komai?"

"A'a. Ba na so ka ce komai."

"To ba zan ce ba. Ka yi haƙuri, ana jira na."

Ya ɗauki tirensa ya shige kicin. Virgil ya daɗe a tsaye, ɗalibai na ratsa shi da abincinsu. A hanyar dawowa sau ɗaya ya yi magana, muna kan gada.

"Harlan, da ma ya zage ni."

"Ai ya zage ka," na ce. "Da ladabi ne kawai."

Wasanmu na farko a gasar yanki a waje ne, tafiyar rabin yini. Ranar Juma'a da sassafe ina loda kaya, sanyi na cizon yatsu, sai ga fitilar akori-kurarsa. Yaran ba su fito ba tukuna. Ya miƙo mini jakar takarda. Rigar nan ce a ninke, da mabuɗin akwatin agogo a kai.

"Ka ba Koci. Ka ce ya nemi wani."

"Ka ba shi da kanka mana. Ni direba ne, ba ɗan aike ba."

"In na je zai ce in huta in sake tunani. Na gaji da a ce mini ba komai."

"Kuskure ɗaya, Virgil. Wa ya taɓa yin aiki bai yi ba?"

"In na koma teburin nan, duk ranar da muka ci a ƙarshen lokaci, za su juyo su yi mini murmushi. Ba zan iya ba."

Na karɓa na sa a ƙarƙashin kujerata. Kafin Kirsimeti ya sayar da gidan ya koma wajen 'yarsa, ban sake sa shi a ido ba. Ranar dai bai tafi nan take ba. Ya ga jarkokin ruwa da buhunan ƙwallo jibge a ƙasa, ya san bayana ba lafiya. Ya tuɓe safar hannu, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ya jera a cikin motar, ya rufe ƙofar kayan, ya jijjiga ta ya tabbata ta kama. Da muryoyin yaran suka fara tasowa daga ɗakin kwana, ya ja hularsa ƙasa, ya bi ta bayan gareji zuwa motarsa.