Tambayar da Rabi ta yi min a ɗakin kwamfuta

Yau na ƙi rubuta wa ɗalibaina dokar lissafi a allo. Na ce su zana alwatika a kwamfuta, su yi ta jan kusurwoyin, su gaya min abin da bai canza ba.

Sai Rabi 'yar Achika, wadda na fara cire rai da ita saboda shirunta, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, duk yadda na ja, jimillar kusurwoyin digiri ɗari da tamanin ce. Amma kwamfuta ba ta faɗi dalili ba. Me ya sa?"

Shekara goma ina koyarwa a Wudil, ba a taɓa yi min wannan tambayar ba. Tare muka nemo amsar, ita ta ƙarasa.

Malamai 'yan'uwana, ɗalibai nawa muka yanke wa hukunci tun ba mu ji tambayarsu ba?